Firgici da Rashin Barci Bayan Tashin Hankali: Kemis, Malam, Asibiti ko Zaman Magana?

Ƙanina ya dawo gida lafiya. Haka muka riƙa faɗa wa masu zuwa barka da arziki, kuma ba ƙarya muka yi ba. Da ƙafarsa ya shigo, babu harbi babu sara, sai rama da faso na sati ukun da ya yi a daji a hannun 'yan bindiga. Wata biyar bayan nan, yaron da a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba ya zama mai gadin gida ba tare da kowa ya ɗauke shi aiki ba. Babur ya gifta ta bayan layi da ƙarfe biyun dare, sai ka ji motsinsa a zaure. In barci ya sace shi kuma, ba ya cika awa biyu sai ya zabura, jiƙe sharkaf da gumi.

Gida ya rabu huɗu. Hajiya ta ce a kai shi wajen malam, wani abu ya shafo a dajin nan. Abokinsa ya kawo masa ƙwaya biyu daga kemis a ƙunshe cikin takarda. Ni na ce asibiti. Shi kuwa ya ce a ƙyale shi, zai wuce. Mun ɓata watanni muna ja-in-ja, domin babu wanda ya zauna ya auna hanyoyin nan da mudu ɗaya. Abin da zan yi ke nan a nan, don wanda ke tsaye a irin wannan mararraba, ko shi ne mai ciwon ko ɗan'uwansa ne.

Ciwo biyu ne a riga ɗaya

Bahaushe ya riga likita gano na farkon: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Likitoci suna kiransa PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ko garkuwa ce, ko hatsarin mota, fyaɗe, gobara, tashin bam, ko a kashe wani a gabanka. Alamominsa uku ne manya. Abin yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko ido biyu. Kana kauce wa duk abin da zai tuna maka, hanya ce, wari ne, ko hira. Sannan jikinka kullum a ɗane yake kamar tarko, ƙofa ta buga gabanka ya faɗi.

A makonnin farko kusan kowa yana jin wani abu daga cikin alamomin nan, kuma mafi yawan mutane suna warwarewa da kansu. Sai abin ya haura wata guda yana hana ka karatu, sana'a ko zama da mutane ake kiransa ciwo.

Rashin barcin kuwa da farko ɗan rakiya ne, amma in ya daɗe sai ya kafa gidan kansa. Katifar da ka kwana ɗari kana juyi a kanta, ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa ta da fargaba. Shi ya sa mutum yakan samu sauƙin firgicin amma barci ya ƙi dawowa. Wannan ya shafi zaɓinka kai tsaye, domin wata hanyar firgicin take taɓawa, wata barcin kaɗai.

Mudun da za mu auna da shi

Na farko, me hanyar take gyarawa, tushen ko ganyen? Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin magani kaɗai ba: lissafa kati, kuɗin mota zuwa da dawowa, da ranar da ka rufe shago ko ka rasa lacca. Na uku, yaushe ake ganin sauƙi, kuma in ka daina sauƙin zai zauna ko zai bi ka da gudu? Wannan ne ma'aunin da aka fi mantawa da shi, kuma a wurina shi ne babba. Na huɗu sauƙin samu da rufin asiri, domin saurayin da ke neman aure ko budurwar da aka sa wa rana ba sa son a gan su a bakin ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, ko mun so ko mun ƙi haka garin yake. Na biyar haɗari.

A ƙyale shi, zai wuce

Ba ya cin ko kwabo, kuma a watan farko shi ne daidai, matuƙar akwai abinci, mutane a kusa, da wanda ke sa ido. Matsa wa wanda ya dawo jiya lamba ya ba da labari dalla-dalla a gaban 'yan barka ba ya taimako. Amma bayan wata uku, shirun yakan koma ɓuya. Yau ka daina bin hanya ɗaya, gobe ka daina shiga motar haya, jibi kasuwa. Duk kaucewar da ka yi tana ba ka sauƙin minti goma, tana kuma ƙara tabbatar wa jikinka cewa tsumman nan maciji ne.

Ƙwayar kemis

Ita ce mafi kusa da hannu. Babu kati, babu layi, babu mai tambayarka me ya faru. Valium da ake ce wa baliyam, Lexotan, roci, wani kuma ya haɗa da kodin ko tiramol. Masu ɗan tsoro sukan tsaya a Piriton ko Phenergan. Gaskiya ɗaya zan ba ta: daren farko za ka yi barci, kuma wanda ya yi wata biyar bai runtsa ba ya san darajar dare ɗaya.

Daga nan sai ciniki ya juya. Jiki yana sabawa da dangin Valium cikin 'yan makonni. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, ranar da babu kuma rashin barcin ya dawo fiye da da, da rawar jiki da faɗuwar gaba. Wanda ya daɗe yana sha in ya yanke rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Firgicin kansa ba ta taɓa shi ba, lulluɓe shi kawai take yi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda ya fito daga tashin hankali irin waɗannan ƙwayoyi a watan farko don rage firgici ko kawo barci. Haɗa su da kodin ko giya kuwa yana iya danne numfashi mutum yana barci. Tiramol shi kansa yana kawo jijjiga. Piriton ya fi su sauƙin illa, amma ƙarfinsa na sa barci yana dushewa cikin kwanaki, ya bar ka da nauyin kai da safe.

Akwai kuma batun abin da ke cikin takardar. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ya koma kasuwar bayan fage, kuma ƙwayar da aka ɓallo daga katinta aka ƙunshe maka, ba ka san waye ya yi ta ba. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Ba duka ne suka fara don nishaɗi ba. A kuɗin yau ita ce mafi araha, a kuɗin shekara ita ce mafi tsada a duk jerin nan.

Malam, addu'a da ruƙiyya

A nan sai an rarrabe, domin abu uku ake cusawa cikin buhu ɗaya.

Akwai addu'ar kwanciya da mutum ke yi wa kansa: alwala, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki. Kyauta ce, babu haɗari, ba ta karo da kowane magani. Ban da ladanta, abu ne da ake yi a jere iri ɗaya kowane dare, kuma jikin da ke ɗar-ɗar yana son abin da ya san farkonsa da ƙarshensa. Kirista ma haka, da addu'arsa da Zaburarsa. Wannan ba ta cikin abin da za a zaɓa ko a bari, tana tafiya da duk sauran.

Akwai malami ko fasto mai ilimi da tausayi wanda zai zauna da kai, ya cire maka tunanin cewa wani zunubi ka yi, ko imaninka ne ya yi rauni. Wanda ya tsira alhali an kashe abokin tafiyarsa yakan ɗauki laifin a kansa, kuma sau da yawa kalmar malami ta fi ta likita isa wannan gurbin. Irin wannan malamin shi da kansa zai ce maka je ka asibiti, domin ya san hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Sai na uku, wanda da ka shigo ya riga ya san aljani ne, ya yanka kuɗi, kuma kowane zuwa sai an gano wani sabon aljanin. Alamomin firgici suna kama da abin da muka taso muna ji game da iskokai, musamman dannau, inda za ka farka ka kasa motsi, ƙirji a danne, ka ga kamar mutum tsaye a kanka. Likitoci sun san shi: ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya kwance ɗaurin da yake yi wa kansa lokacin mafarki. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ya fi kama wanda barcinsa ya hargitse da mai kwanciya rigingine. Wanda aka ce masa ana binsa, tsoro aka ƙara masa kan tsoro. Duk inda aka ambaci duka, mari ko kulle mutum a ɗaki, ɗauki ɗan'uwanka ku fita. Ba mu manta da ɗaruruwan da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda 'yan bindiga suka ɗaure, a sake ɗaure shi da sunan magani?

Maganin asibiti

Sunan wurin ne ke korar mutane. Ka ce Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri, sai a ce ai ni ban haukace ba. Amma yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida a ranar. Wanda kunya ta hana, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo da na Jos duk suna da sashen, kuma wanda ya gan ka a bakin get bai san wajen wa ka zo ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri.

Abin da likita zai fi rubutawa shi ne sertraline, paroxetine, fluoxetine ko venlafaxine. Ba maganin barci ba ne, kuma ba sa bugarwa. Sannu a hankali suke rage zabura da faɗuwar gaba. A nan mutane da yawa ke karaya: sati biyun farko illar ce ke riga amfanin zuwa, tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci barcin ma ya ƙara lalacewa. Sauƙi sai sati huɗu zuwa shida, cikakkensa ya fi haka. In ya karɓe ka, ana ci gaba da sha wata shida zuwa shekara ko fiye, sannan a janye da kaɗan-kaɗan. Wasu sukan ga sha'awarsu ta ragu, kuma ango ko amarya su faɗa wa likita wannan ba kunya, ana iya canzawa.

Abu biyu matashi ya riƙe. Ga wanda bai kai shekara 25 ba, irin waɗannan magunguna kan iya tayar da tunanin kashe kai a makonnin farko ga wasu 'yan kaɗan, don haka wani a gida ya san ka fara, kuma ka koma wajen likita da wuri. Sannan kada ka ɓoye masa tiramol in kana sha, domin haɗuwarsu tana da haɗari.

Amitriptyline tsohon magani ne mai araha, yana sa barci, shi ya sa ake yawan ba da shi. Amma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya, don haka ba abin ajiye kwalba guda a ɗakin mai baƙin ciki ba ne. Akwai kuma prazosin, maganin hawan jini da ake ba masu mugun mafarki. Wasu ya yi musu aiki, amma wani babban gwaji da aka yi kan tsofaffin sojojin Amurka, aka wallafa a 2018, bai nuna ya fi ƙwayar wofi da babu magani a cikinta ba. Yana sa jiri in ka miƙe da sauri.

Kuɗinsa matsakaici ne amma na kowane wata, ga kuɗin mota. Rauninsa yana wajen ɗorewa: wasu in sun daina, alamomin sukan dawo.

Zaman magana da ƙwararre

Da na fara kawo wa ƙanina wannan, dariya ya yi. Ya ce, Yaya, maganar da nake gudu ita ce maganin? Ita ce kuwa, kuma a duk hanyoyin nan ita ce ke da hujja mafi ƙarfi a bincike, ita ce jagororin likitoci ke sa wa a gaba.

Sai dai ba kowace magana ba. Nasihar ka yi haƙuri, ka manta, ka gode wa Allah da ka tsira, kowa ya iya ta, kuma ba ita ake nufi ba. Wannan aiki ne mai tsari, yawanci zama 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana fara koya maka yadda za ka saukar da numfashi in jiki ya ɗauki rawa. Sannan a koma kan abin da ya faru, a bi shi daki-daki, a maimaita, har ya tashi daga abin da ke afka maka ya koma labarin da ya riga ya wuce. Ana kuma tsara maka komawa wuraren da ka ƙaurace wa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: yau ka tsaya a tasha minti goma, wani makon ka shiga mota zuwa unguwa ta gaba. Ana tattauna maganganun da ka yanke wa kanka hukunci da su, irin da ban ce mu bi hanyar nan ba da yana raye.

Akwai nau'in da ake kira EMDR, wanda Francine Shapiro ta fara a 1987, inda kake tuna abin a zuci kana bin yatsan mai maganin da ido hagu da dama. Ba ya buƙatar ka faɗi komai dalla-dalla, abin da ke sauƙaƙa wa wadda aka yi wa fyaɗe. Akwai wani da aka tsara don 'yan gudun hijira, aka gwada shi a sansanonin Yuganda, inda ake shimfiɗa igiya a matsayin rayuwarka, a ɗora dutse a kan kowane bala'i, fure a kan kowane alheri, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya dace da wanda tashin hankalinsa ba ɗaya ba ne, an ƙona garinsu, an kashe mahaifinsa, sannan aka sace shi.

Wahalarsa gaskiya ce. Zama na uku da na huɗu sukan fi ciwo, mafarkin ma ya ƙaru na ɗan lokaci, kuma a nan ne wasu ke gudu. Babbar matsalar kuwa samu ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masana halayyar ɗan Adam da suka koyi wannan aikin ma ba su da yawa, kuma a manyan birane suke. A asibitin gwamnati kuɗin zaman da sauƙi, sai dai layi da kuɗin mota na mako-mako. Masu zaman kansu da masu yi ta waya suna da tsada. A Borno, Yobe da Adamawa, da wasu sassan Zamfara da Katsina, ƙungiyoyin agaji suna yi kyauta. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta yi suna a Borno da kai masu ba da shawara har cikin unguwanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani gajeren tsari na zama biyar da ake koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba. Bai kai zurfin wancan ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya kowa, tambaye shi: zama nawa za mu yi, kuma za mu taɓa abin da ya faru kai tsaye? In amsar ita ce sai yadda hali ya yi, nasiha za ka saya.

Ribarta ita ce ɗorewa. Abin da ka koya ba ya ƙarewa kamar katin ƙwaya.

Horon barci

Wannan ne ba a cika sani ba, kuma rabinsa kana iya farawa yau ba tare da ka ga kowa ba. Ƙwararru suna yin sa cikin zama 4 zuwa 8.

Ginshiƙinsa lokacin tashi ɗaya kowace rana, ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Mu asuba ta riga ta yanka mana wannan, matsalar ita ce komawar da ake yi bayan salla har ƙarfe goma sha ɗaya. Barcin ramuwar nan shi ke cinye na daren gobe. Ƙailula in ta zama dole, kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar. Kada ka kwanta sai barci ya zo da gaske. In ka yi kamar minti 20 kana juyi, tashi ka bar shimfiɗar, ka zauna a tabarma da carbi ko wani karatu mara tayar da hankali, sai ido ya yi nauyi ka koma. Mai kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa huɗu zai ce ina zan je? Ko gefen ɗakin ne ya isa, abin da ake so shi ne katifa ta daina zama wurin fargaba.

Shayin dare a teburin mai shayi, goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin da ke korar barci, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha da isha'i, da shi zai kwana. Waya kuwa ba haskenta ne kaɗai matsala ba. Bidiyon gawarwaki da muryoyin 'yan bindiga da ake turowa a WhatsApp, ga mai wannan ciwo kamar watsa gishiri ne a gyambo. Ƙanina sai da ya fita daga rukuni uku.

Ga mugun mafarki akwai wata dabara: da rana, ido biyu, ka ɗauki mafarkin ka canza masa zubi yadda ka ga dama, ka riƙa kallon sabon a zuci minti 10 zuwa 20 kullum. Ka fara da mafarki mai sauƙi, ba mafi muni ba. Wanda ke riƙe da hadisin da ya ce a yi tofi ta hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a ba kowa labarin mugun mafarki, wannan ba ta tilasta masa faɗa wa kowa.

Akwai mataki mai tsauri na rage awoyin kwanciya zuwa daidai barcin da kake samu, ba ƙasa da awa biyar ba, sannan a riƙa ƙarawa. Yana aiki, amma mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa ciwon da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci yana ta zuba da kashe kuɗi, da direba ko ɗan acaɓa, kada su yi shi sai da likita. Iyakar horon barci ita ce firgicin rana ba zai kau da shi ba.

| Hanya | Me take gyarawa | Kuɗi | Fara aiki | In an daina | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jira | Babu, sai sa'a | Babu | Ya danganta | Babu abin dainawa | Ɓuya ta yi jijiya |
| Ƙwayar kemis | Barcin daren | Kaɗan yau, mai yawa gobe | Daren farko | Ya dawo fiye da da | Babba |
| Addu'a da malamin kirki | Natsuwa, jin laifi | Kyauta ko sadaka | Nan take, a hankali | Ba a dainawa | Babu, sai a hannun 'yan damfara |
| Maganin asibiti | Zabura, damuwa | Matsakaici, duk wata | Sati 4 zuwa 6 | Kan iya dawowa | Matsakaici, da kulawa |
| Zaman magana | Tushen firgicin | Daga kyauta zuwa tsada | 'Yan makonni | Yakan ɗore | Zafin farko |
| Horon barci | Barci, mafarki | Kusan kyauta | Sati 2 zuwa 4 | Yakan ɗore | Gyangyaɗin rana |

Wa ya dace da me

In abin bai cika wata guda ba, kana ci kana sha, kana tare da mutane: jira, addu'a, lokacin tashi ɗaya, kuma ka nisanci kemis. Wadda aka yi wa fyaɗe ita ba ta jira ba ce, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Cibiyoyi irin Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato don haka aka buɗe su, kuma suna haɗawa da masu ba da shawara.

In firgicin ne ya fi yawa, ka daina bin hanyoyi, ka bar makaranta, kuma kana birnin da ake samun ƙwararre: zaman magana, ka haɗa da horon barci. Ita zan zaɓa wa nawa, ita muka zaɓa daga baya.

In kana ƙauye ko ƙaramin gari, zuwa birni duk mako ba zai yiwu ba: maganin asibiti ya fi dacewa da aljihunka, tunda zuwa ɗaya ne a wata ko fiye. Haka in baƙin ciki ya danne ka har ba ka iya tashi daga kwance, magani ne zai ɗaga ka ka kai inda za ka iya zaman maganar.

In da rana lafiya lau kake, dare ne kawai abokin gaba: fara da horon barci na wata guda kafin ka kashe ko sisi.

In ka riga ka saba da baliyam, roci ko tiramol: kada ka yanke da kanka. Je ka faɗa wa likita adadin gaskiya, ba rabinsa ba, a sauke ka mataki-mataki.

In har yanzu ana shigowa garinku da dare, kunnen da kake kasawa ba ciwo ba ne, hankali ne. Rabon kwana tsakanin 'yan gida, ko 'yan makonni a wajen dangi a wuri mai aminci, zai ba ka barcin da ƙwaya ba za ta ba ka ba, kuma ƙwayar da za ta kwantar da kai kamar gawa a irin wannan gari haɗari ce ta daban.

In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa, ko kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko an buge ka a ka lokacin abin kuma ciwon kai da mantuwa suna ƙaruwa, to duk wannan awon hanyoyin ba naka ba ne. Faɗa wa mutum ɗaya a gida yau, a kwashe magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinka, a raka ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.